Husaini Mahuta, Ɗan Wasan da Ba Ya Gudu Shi Kaɗai

Ranar Laraba ce, azahar ta kusa, ina kan keken ɗinki a shagona na bakin tashar Funtua, sai ga Sunday ya tsayar da babur a ƙofa bai kashe shi ba. Sunday abokin ƙwallonmu ne tun muna yara, yanzu yana da kantin magani a Dandume. Bai yi sallama ba, bai zauna ba. Ya ce, "Ɗanjuma, tashi ka rufe shago. Husaini ya rasu."

Na ce wane Husainin. Ya ce, "Husaini nawa gare mu?"

Na ce masa ba zai yiwu ba, domin da hantsin nan na gan shi. Yana tsallaken titi a gindin dalbejiyar masu sayar da rake, da farar riga, ya goya hannuwansa a baya yadda ya saba tsayuwa. Na ɗaga masa hannu, na kira sunansa. Ya dube ni sosai, irin kallon da ake yi wa wanda aka san fuskarsa amma aka manta daga ina. Wata babbar mota ta gifta tsakaninmu, da ta wuce ban gan shi ba. Na ɗauka kasuwa ya shiga, zai biyo ta wurina in ya gama.

Sai a lokacin Sunday ya kashe babur. Ya ce, "Bayan sallar asuba ya cika, a ɗakin mahaifiyarsa a Mahuta. Zazzaɓin kwana uku. Da hantsin da kake faɗa, ina tsaye a bakin maƙabarta ana rufe shi."

Na yi salati, na ja ƙofar shago. Mutane suna kama da juna, idona kuma ba kamar da yake ba. Abin da na yi ta gaya wa kaina ke nan a bayan babur, har muka isa Mahuta.

Yau kwana arba'in. 'Yan'uwanmu na tsohon kulob sun ce ni ya kamata in rubuta wani abu a kansa, tun da ni ne golan da ya fi kowa tsayawa a gabansa. Zan faɗi abin da na sani, har da wanda na daɗe ina ɓoyewa.

Mu duka yaran Baba Lasisi ne. Baba Lasisi tela ne, Bayarabe haifaffen Funtua, iyayensa fataken goro. Hausar bakinsa ta fi ta wasunmu, a wurinsa kuma na koyi ɗinkin da nake ci da shi yau. Bayan an gama yaƙin basasa gari ya lafa, shi ne ya kafa makarantar horon yara ta kulob ɗin gidan auduga, a wani fili bayan layin dogo. Hawa uku gare ta. Da farko kana cikin 'yan ƙafa, masu buga ƙwallo ba takalmi. In ka yi ƙwazo a ɗaga ka zuwa 'yan kambas, masu takalmin yadi. Daga nan sai manya, masu takalmin ƙwallo na gaske da riga mai lamba. Dokarsa kaɗan ce amma ba ya sassautawa: da safe makaranta, da la'asar fili, kafin a taɓa ƙwallo kuma kowa ya tsince ƙaya da duwatsu. Wanda ya bar salla ko coci, wannan makon a benci zai zauna.

A Mahuta ya tsinto Husaini. Ya kai ɗinki ranar kasuwa, a hanyar dawowa ya hangi yaro a gonar da aka girbe dawa yana buga ƙwallon tsumma shi kaɗai. Baba Lasisi ya ce abin da ya sa ya sauka daga keke shi ne, yaron ba wasan mutum ɗaya yake yi ba. Yakan tura ƙwallo gefe, ya ruga gaba, ya ɗaga hannu yana neman a maido masa. Sau uku Baba ya je wajen mahaifinsa, Malam Audu, kafin ya yarda, da sharaɗin duk damina yaro zai riƙa komawa gida ranakun noma. Husaini bai taɓa saɓa wannan sharaɗi ba, ko bayan sunansa ya fita.

Ya zo mana siriri, baƙi, mai manyan idanu, shekarunsa ba su wuce sha biyu ba. Ba shi da gudun a zo a gani, ba shi da ƙirjin ture kowa. Abin da yake da shi, yakan riga ƙwallo isa inda za ta faɗi. Ni da nake cikin raga na fi kowa ganin haka. Za a ɗago ƙwallo, 'yan baya duk su yi dama, shi ya taka a hankali ya yi hagu inda ba kowa, sai iska ko ƙafar wani ta karkato ta ta sauka a gabansa. Cikin shekara guda ya bar 'yan ƙafa. Kafin ya cika sha shida Baba ya ɗinka masa riga mai lamba tara da hannunsa.

Bai taɓa murnar cin ƙwallo ba. In ya jefa a raga, shi zai shiga ya ɗauko ta, ya miƙa wa golan da hannu biyu. Mun sha yi masa tsiya a kan haka, amsarsa ɗaya ce: "Gola ma ɗan wani ne, uwarsa tana jiran labari." Abinci kuwa ba ya cinyewa. Ko ɗan wake aka saya mana bayan wasa, sai ya raba nasa biyu, ya ci rabi, ya ture sauran gefen hagunsa. Can sai ya duba, ya miƙa wa wanda ya fi kowa yunwa a cikinmu. Yawanci ni ne.

Aibunsa ɗaya a fili, shi ne kuma ya kusa sa a kore shi. Yana tsakiyar kai hari, ga raga a buɗe, sai ya tura ƙwallo hagu inda babu kowa, ta gangara ta fita waje. Wata rana Baba Lasisi ya busa usur ya tsayar da atisaye, ya kira shi gaban kowa.

"Husaini, wa ka ba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake. Ciyawa ka ba, ko layin dogo?"

Ya ce a hankali, "Hassan na ba, Baba."

Babu mai suna Hassan a cikinmu. Yara suka fara dariya, Baba ya daka mana tsawa. A nan muka ji cewa Husaini ɗan tagwaye ne. Ƙyanda ta kama su tare suna shekara biyar, ɗan'uwansa ya rasu, shi ya tashi. Ya ce ba ganinsa yake yi ba. Ji yake yana gudu a gefensa na hagu, yana jin numfashinsa, wani lokaci yakan ce masa "nan", shi kuma sai ya je nan ɗin.

Baba Lasisi mutum ne mai tsoron Allah, bai ɗauki maganar da wasa ba. Ya kai shi wurin limamin unguwarmu. Liman ya saurare shi, ya ce wanda ya mutu ba ya dawowa, kewa ce ta zauna wa yaron a zuciya, ya ba shi addu'o'in safe da yamma. Husaini ya riƙe su har ƙarshen ransa, ban taɓa ganin wanda ya kai shi kiyaye su ba. Amma ƙwallo ba ta daina tafiya hagu ba.

Da Baba ya ga haka, sai ya sake dabara. Ya kira Sunday, wanda iyayensa suka dawo Funtua bayan yaƙi suka sake buɗe kantinsu, yaro mai gudu kamar barewa. Ya ce masa, "Daga yau kai ne lamba sha ɗaya. Kada ka kalli ƙwallo, ka kalli wuyan Husaini. Duk inda ya karkata kai, ka ruga can." Daga wannan rana kulob ɗinmu ya zama abin tsoro daga Funtua har Malumfashi. Ƙwallayen da da suke fita waje, yanzu a ƙafar Sunday suke sauka, shi kuma ya maido wa Husaini a bakin raga. Sai dai wata rana muna wanke ƙafa a famfo, Sunday ya matso ya ce mini, "Ɗanjuma, ka san in mutum ya tashi daga kan tabarma ka zauna a wurin, yadda kake jin ɗuminsa? Haka nake ji duk lokacin da na isa wurin nan." Bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Yanzu ga abin da na ɓoye.

Wata ranar damina da la'asar, hadari ya haɗu ta gabas, Baba ya sallami kowa. Husaini ya ce in tsaya ya gwada ni bugu goma kafin ruwa ya sauko. Muka rage mu biyu a fili. Gari ya yi duhun hadari, iska ta ɗauke cak, ko ganye ba ya motsi, tsuntsaye duk sun yi shiru. Ya taho da ƙwallo daga tsakiya. Da ya kusa sai ya tura ta hagu. Na bi ta da ido ina shirin yi masa tsiya. Ta gangara kan ciyawa kamar taku goma, ta tsaya. Sannan ta dawo. Ba gangarowa ta yi ba, filin nan mu muka share shi da hannunmu, na san ba shi da tudu a wurin. Da ƙarfinta ta dawo, a miƙe, daidai ƙafarsa ta dama, har na ji ƙarar bugu. Ya sa ta a raga ina tsaye, ban ko ɗaga hannu ba.

Bai shiga ya ɗauko ta ba a ranar. Ya tsaya yana dubana. Ya ce, "Ka gani?"

Na ce, "Me?"

"Ɗanjuma, don Allah. Ka gani?"

Na ce ban ga komai ba, iska ce. Babu iska, shi ma ya sani. Sai ya ce, "To, shi ke nan." Ruwa ya kece, muka ruga gida.

Ƙarya na yi masa. Tsoro ne ya kama ni, na ga kamar in na amsa, abin zai biyo ni gida. Sai da na girma na gane abin da yake nema a wurina. Shekara da shekaru yara suna kiransa mai taɓin hankali a bayan idonsa, yana ji. Mutum ɗaya yake so ya ce masa, ba kai kaɗai ba ne, ni ma na gani. Na hana shi. Bai sake tambayata ba, bai kuma canja mini fuska ba ko sau ɗaya. Shi ya riƙe mini kai ranar da na karye a hannu, shi ne babban abokin ango a bikina. Na sha niyyar gaya masa, kullum sai in ce sai mun zauna a natse. Ban san mene ne na gani ba, ba kuma na ce mamaci ya dawo ba, Allah ne masanin gaibu. Amma na gani, Husaini. Ga shi na faɗa a gaban jama'a, a lokacin da ba zai amfane ka ba.

Wasan da ya fitar da shi duniya a Malumfashi aka yi, wasan ƙarshe na cin kofi tsakaninmu da wani kulob na can. Fili ya cika, mutane har kan itatuwa da rufin motoci. Kafin a fara, magoya bayansu suka taso suka ce ba za a buga ba sai an caje lamba tara, wai da asiri yake ci. Mu kuwa muka fusata, har da Baba Lasisi. Husaini ya ce a bar su. Ya tsaya a tsakiyar fili ya tuɓe riga, ya cire takalmi da safa, ya zazzage su a gaban alƙalin wasa. Ba laya, ba guru, ba ko zare. Ya mai da kayansa, ya ce wa wanda ya caje shi, "Sannu da aiki."

Har aka kusa tashi ba wanda ya ci. Sai muka samu bugun kwana. Kowa ya cunkushe a bakin raga, Husaini yana ciki. Daga inda nake na ga ya karkata kai hagu kamar wanda aka yi wa raɗa. Sai ya juya wa raga baya, ya fita daga cikin taron yana tafiya, ba gudu ba, ya je wani wuri can gefe ya tsaya shi kaɗai. 'Yan kallo suka fara yi masa ihu. Aka bugo kwana, golansu ya naushe ta, ta bugi ƙeyar ɗan bayansu, ta tashi sama ta sauko a kan ƙafar Husaini kamar an aiko ta. Ya buga, ta shiga. Abin da ba na mantawa shi ne shirun da ya biyo baya. Filin nan duka, har da namu magoya bayan, ba wanda ya yi sowa sai da ya je ya ɗauko ƙwallon ya miƙa wa golan.

A cikin 'yan kallo akwai wani mutum daga wani babban kulob na Kaduna. Bayan sati biyu muka raka Husaini tashar jirgi da akwatin ƙarfe da takalmansa a rataye a wuya. Muka riƙa jin sunansa a rediyo, mutane suna taruwa a shagon Baba ranar wasa. Har aka fara cewa za a kira shi ya buga wa ƙasa. Yana cikin shekara ta uku a can Malam Audu ya rasu. Husaini ya zo zaman makoki, bai koma ba. Sau biyu suka aiko mota har Mahuta, ya ba su haƙuri, ya cika musu but ɗin motar da doya da masara.

Mutane sun yi ta magana, wasu suka ce ya yi wauta, wasu suka ce asirin ne ya karye. Ni na same shi a gona yana huɗa, na tambaye shi. Ya jingina da garma ya ce, "Inna ba ta da kowa sai ni." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma can ni kaɗai nake bugawa. Tun da jirgi ya bar Funtua ban ƙara jin Hassan ba. Ina ci, ana tafi, amma kamar na bar yaro a bakin hanya na ce ina zuwa."

Da ƙafafun Baba Lasisi suka gaza, Husaini ne ya karɓi 'yan ƙafa. Sau uku a mako yake hawo keke daga Mahuta, in ba ranar aikin gona ba. Bai taɓa dukan yaro ba. In yaro ya zubar da ƙwallo a bakin raga ya fara kuka, yakan dafa shi ya ce, "Ba ta gudu ba, gobe ma tana nan." In ya ga mai son kai kuwa, sai ya tsayar da wasa ya ce, "Ɗaga kanka. Kullum akwai wani a gefenka." Yaran suna ɗauka dabarar wasa kawai yake koya musu.

Ranar da muka isa Mahuta ni da Sunday, bayan mun yi wa maza gaisuwa a ƙofar gida, aka ce Inna tana son ganina. Na shiga na durƙusa a bakin ɗakinta. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya dushe. Matarsa Binta tana gefe da 'ya'yansu uku, ƙaramar tana bacci a cinyarta. Na yi gaisuwa, Inna ta amsa, sannan ta ce in matso.

Ta ce, "Ɗanjuma, kai ne abokinsa, kai za ka riƙa yi masa addu'a bayan ba ni. Akwai abin da nake so ka sani, don addu'arka ta je daidai."

Na ce, "Ina ji, Inna."

Ta ce, "Yaran nan ko ni ba na rarrabe su sai da zare. Hassan nake ɗaura wa jan zare a hannu. Da ƙyanda ta kwantar da su, jikinsu duk ya feso, kakarsu ta tsinke zaren don yana cin fatarsa. Tabarma ɗaya suke kwance, suna ta juyi. Da safe ɗaya ya tafi. Wanda ya rage bai yi magana ba sai bayan kaka. In na ce Hassan, ya waiwayo. In na ce Husaini, ya waiwayo. Malam ya gaji ya ce a bar shi a Husaini, kada a ƙara tayar da zancen." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ban taɓa gaya masa ba. Har yau ban san wanda na fara binnewa ba. In za ka roƙa masa, ka kira su duka biyun."

Binta ta ɗago kai ta dubi Inna. Ita ma a ranar ta fara ji.

Na yi wa Inna alkawari, shi nake cikawa yanzu. Ya Allah, Kai Ka halicce su a ciki ɗaya, Kai kaɗai Ka san kowannensu da sunansa. Ka ji ƙan Hassan, Ka ji ƙan Husaini. Wanda ya tafi yana ƙarami, Ka sa ya zama mai ceton iyayensa. Wanda ya zauna tare da mu, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka saka masa da alheri a kan biyayyar da ya yi wa mahaifiyarsa da haƙurin da ya yi da mu. Ka yafe mini abin da na hana shi. Ka ba Inna juriya a ragowar kwanakinta, Ka sanyaya zuciyar Binta, Ka raya 'ya'yansa a kan gaskiya, Ka zama gatansu. Ka ba Baba Lasisi lafiya da haƙurin rashin ɗan da ya fi so a cikinmu. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.